Sun Ce Aljanu Ne Ke Sa Mijina Maganar Maganaɗisu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mijina malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Safana, yana haɗa mastas ɗinsa. Bincikensa a kan wasu maganaɗisu ne ƙanana da ido ba ya gani, ya ce da su ake fatan ƙera sabuwar kwamfuta. Ni iyakata sakandare, amma ina tankaɗe yake zama ya yi mini bayani, wai a sanyi mai tsanani ƙwayar maganaɗisun takan juya ta koma ɗaya ɓangaren ba tare da ta haura shingen da ke tsakani ba, ratsawa take yi. Ina dariya ina cewa Malam Allah ya ba da sa'a.

Da damina 'yan bindiga suka ɗauke shi a hanyar Ruma. Allah ya dawo mana da shi, amma ba ya cin abinci sosai, ƙarar mashin kawai sai ya miƙe. Da mutane suka zo jaje, sai ya hau yi musu maganar abin da ke ratsa bango babu ƙofa. Nan take Yayansa ya ce aljanu sun shafe shi a daji. Ya kwashe laftop da takardun bincikensa, wai zanen ciki rubutun aljanu ne. Na ce Yaya wallahi karatunsa ne, tun kafin a ɗauke shi yake faɗa, ya ce in yi shiru, ni mace me na sani. Inna kuwa, mahaifiyarsu, kuka kawai take yi.

Abin da ban gaya musu ba, shekaranjiya na shigo da ruwan alwala na same shi ya manna tafin hannu a bango yana turawa. Ya ce mini akwai wani yanayi da ƙwayar ke samun hanya biyu na fita, sai hanyoyin su kashe juna, ta maƙale. Ya ce Maman Ummi, ni a wurin nake.

Yanzu Yaya ya ce ran Juma'a zai kai shi wurin wani mai magani a ƙauyen Tsaskiya, an ce har mari ake sa wa mutum a ƙafa. Mutumin da ciwon ɗaurin da aka yi wa ƙafarsa a daji bai gama warkewa ba. Lakcaransa ya bugo ya ce asibiti a Katsina ya dace, kuma a mayar wa mijina da laftop da takardunsa. Ni ban ƙi addu'a ba, kullum ina tofa masa.

In na faɗi abin da na gani, na ba Yaya hujja. In na ɓoye na dage karatu ne, babu mai yarda a kai shi asibiti. In faɗa ko in yi shiru? Ko in sa shi a mota kafin Juma'a, Inna ta yi fushi da ni?

Yau da safe ya tambaye ni ko na san inda aka ajiye takardunsa, na ce masa ina nema.