Gayyar Gonar Inna Lantana

Gusau,
12 ga Afrilu.

Zuwa ga Yayata Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, da kuma zafin Sakkwato. Mu nan sai godiya.

Yaya, ke ce kika ce digirina na tattalin arziki ba zai amfane ni da komai ba sai taya tumatir a kasuwa. To, ki gyara zama. A wurin aikinmu an ba mu shirin yashe magudanan ruwa a ƙauyuka kafin damina, kuma shawarata aka ɗauka. Kin san gayyar da Baba yake kira duk shekara a yashe kwalbatin bayan gari. Da can gari duka ke fita, amma bara mutum sittin kawai aka samu, Baba da ciwon gwiwarsa har da shi a cikin laka. Na ce da mutanen ofishinmu abin ba wuya: ɗan Adam ba ya motsi sai ya hango riba. A ba duk wanda ya fito naira dubu biyu, a ga ko sittin ba za ta zama ɗari ba.

Na dage sai da aka zaɓi ƙauyenmu na bayan Nahuce don gwaji. Wani ƙauye kuma a ƙasar Tsafe za a bar su su yi yadda suka saba, daga baya mu kwatanta. Shugabanmu Oga Gideon ya yi ta sosa ƙeya, wai in fara tuntuɓar Baba. Mutumin kirki ne, amma tsoronsa ya yi yawa. Ni so nake Baba ya waye gari kawai ya ga jama'a sun cika bakin kwalbati, a ce masa aikin 'yarsa ne. Kada ki kuskura ki faɗa masa, na san bakinki.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Juwairiyya.

Bunguɗu,
9 ga Mayu.

Yaya Balkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin autarki? Allah Ya ƙara sauƙi. Na rubuto ne don maganar nan ba ta waya ba ce, har yanzu jikina a sanyaye yake.

Mutum goma sha tara suka fito gayyar kwalbatin. Na ƙirga sau uku. Rabinsu ma ban san fuskokinsu ba, daga wasu ƙauyuka suka ji labarin kuɗi suka zo.

Da safe komai ya fara daidai. Buba makaɗi ya rataya gangarsa, dattawa sun fara tahowa da shebur a kafaɗa. Sai motarmu ta iso, aka sauke tebur, aka jera ambulan ɗin kuɗi, na tsaya na yi bayani ina ta murmushi. Yaya, ina kallo Buba ya sauke ganga. Dattawan suka koma gindin ɗorawa suka zauna, kamar an zo musu da zagi. Daga baya na ji abin da suka ce: su ba 'yan ƙwadago ba ne a garin ubansu, kuma ba za a ce mai jikoki ya bi layi 'yar cikinsa ta miƙa masa ambulan ba. Samarin kuwa lissafi suka yi, suka ce wuni guda na ɗaukar bulo a Gusau ya ninka wannan. Shekara da shekaru suna aikin nan kyauta ba wanda ya taɓa auna shi da ɗaukar bulo, sai da na sa masa farashi da hannuna.

Jiya muka je ƙauyen Tsafe. Ba tebur, ba ambulan, daga kunu sai ganga. Mutum saba'in da wani abu, kafin azahar sun gama har suna tsokanar juna. Oga Gideon bai ce ai ya faɗa ba, kuma wallahi da ya ce da ya fi mini sauƙi.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya shiga laka tare da baƙin, ya fito, ya wuce teburin bai kalle shi ba. Da na je sallama, ya ce in gaishe da mutanen Gusau. Iyakar maganar ke nan, kuma kin san Baba.

Na rubuta a rahotona a dakatar da biyan nan take. In an janye kuɗin ai komai zai koma yadda yake, ko ba haka ba?

Taki,
Juwairiyya.

Gusau,
6 ga Yuli.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Na sami saƙonki, kuma na karɓi faɗan. Amma ki adana sauran, don abin da zan faɗa miki ya fi na baya.

Bai koma yadda yake ba, Yaya.

Kin san tun rasuwar mijin Inna Lantana gayya ce ke nome mata gero. Matar da ta goye mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ɗa, ba jika, ga ido ya yi rauni. Wannan gonar ita ce cinta na shekara. Da ciyawa ta taso, Baba ya aika goro gida gida kamar kullum. Samari suka aiko a tambaye shi nawa ne. Baba fa! Da aka ce babu ko sisi, sai suka ce ƙarya ne, ai 'yarsa ce ke riƙe da kuɗin gayya yanzu, an dai karɓa an danne. Dattawa kuma suka ƙi fita don kada a ce su ma an biya su a ɓoye. Waɗannan sun ƙi don ba kuɗi, waɗancan sun ƙi don gudun zargin kuɗi, gona kuwa tana can ciyawa na cin ta.

Ranar Asabar na je na gani da idona. Inna Lantana ta tashi tun asuba ta dama kunu a babbar tukunya, na mutum arba'in, da geron da ta yi ta tattali. Mutum biyu na tarar a gona: Baba, da Buba makaɗi wanda ya ajiye ganga ya ɗauki hauya, tunda babu wanda za a kaɗa wa. Baba yana noma yana dafa gwiwa. Har la'asar ba su ci kwatan gonar ba, kunun kuwa ya yi tsami a gindin bishiya. Garin neman gira na rasa ido. Na karanta irin wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa, amma na ɗauka halin mutanen wata ƙasa ne, ba mutanen da suka yi mini suna ba.

Na ce wa Baba zan ɗauko 'yan ƙwadago daga Bunguɗu su ƙarasa. Sai ya tambaye ni ko baɗi ma su zan ɗauko, da ranar da za a haƙa masa kabari.

Da zan tafi na shiga wurin Inna Lantana. Ita ba ta san komai ba, ba wanda ya iya faɗa mata. Ta riƙe hannuna tana shafawa, ta ce tunda Allah Ya ba ni ilimi kuma ina shiga cikin mutane, in taimaka in bincika mata laifin da ta yi wa garin nan, don ta nemi gafararsu tun tana da rai.

Na ce mata to. Yaya, to kawai na iya cewa.

Jibi zan koma. Zan fara da ɗakinta in faɗa mata mai laifin, sannan in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da ƙafata, ba mota, ba takarda. Ban sani ba ko za su saurare ni kafin ciyawa ta gama da geron. Ki sa ni a addu'a, in kuma za ki iya, ki zo ki tsaya a bayana.

Ƙanwarki mai neman gafara,
Juwairiyya.