Zalɓen Zinariya na Orsetta

Venezia, watan Mayu, 1563

Zuwa ga Orsetta, hasken safiya a kan ruwa, furen lemo bayan yayyafi, sanyin idona, wadda muryarta ta fi ƙararrawar ranar biki daɗi a kunnena!

Ki gafarta wa rubutun nan, cikin gaggawar murna na yi shi. Kwance ƙyallen da ke cikin takardar tukuna.

Kin gani? Kin tuna bikin yayarki Fiorina, da aka gama cin kifi, kowane attajiri ya jawo tsinken sakacensa na zinariya daga sarƙar wuya yana jujjuyawa don a gani, ko da babu komai a haƙorinsa? Ni da na ƙera rabinsu da hannuna, na sunkuya ina sakace da ƙayar kifi. Sai kika kama ni. Kika ce, "Haba Bastian, maƙerin zinariya guda, da ƙaya kamar mage? Kuma ku maƙera ba ku san tsuntsu ba ne? Kullum daga dodo sai 'yar ruwa marar riga!" Kunya ta kusa kashe ni. Amma wace kunya ce ta taɓa zaƙi haka? Tun ranar zuciyata ba ta dawo ƙirjina ba.

Wata uku ina aikinsa. Zalɓe ne, irin mai tsayawa da ƙafa ɗaya a hanyar tsibirin Murano. Dogon bakinsa shi ne tsinken, cikinsa lu'ulu'u, idonsa ɗan yakutu. Sau biyu wuyansa yana karyewa a wuta, ina narkarwa ina sakewa, ina kiran sunanki kan kowane gashi.

To, jiya matar wani attajiri Bajamushe ta shigo shago, ta gan shi, ta rataya a wuyanta, ta ce ta saya. Na ce, "Uwargida, yana da mai shi." Maigidana Tomà ya take mini ƙafa, ya raɗa mini, "Ka haukace? Ka sayar, ko ka kwashe kayan aikinka ka bar mini shago!"

Wayyo Orsetta! Na ga aikina yana shirin suɓucewa, kuma kin san mahaifinki ba zai saurari wanda ba shi da madogara ba. Amma ta yaya zan bar abin da na ƙera dominki ya kwana a ƙirjin wata? Na miƙa hannu na roƙe ta ta cire.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, sai ta tuntsire da dariya. "Wace ce ita?" Na faɗa mata, har na wuce abin da ta tambaya. Ta cire ta ba ni, ta ce tana son tsuntsu biyar, nata da na 'ya'yanta mata huɗu, kuma wannan mai taurin kan kaɗai zai ƙera su. Tana fita Tomà ya rungume ni yana "ɗana, ɗana," kamar ba shi ya kusa karya mini yatsa ba! Yau da safe ya rantse sunana zai hau ƙofar shago kusa da nasa.

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, zan zo da kawuna gaban mahaifinki, Messer Zorzi. Kwana biyar! Ina zan kai su? Ina roƙonki, kurciyata, ki rataya zalɓen nan ki tsaya inda zan hango ki, don gwiwata ta yi ƙarfi.

Ba ni da jirgi a teku, ba ni da gida mai bene. Hannu biyu gare ni da zuciya ɗaya, duka naki ne, har ranar da haƙoranmu za su zube, mu zauna a rana muna shan romo, jikokinmu suna faɗa kan wa zai gaji tsuntsun kaka.

Naki wanda ba ya canjawa, ko wuta ko ruwa,
Bastian ɗinki