Ƙanƙarar Tannmatt da Hannun da Zan Ɗaga

Zuwa ga Andrin,

Ya hasken da ke fara sauka a kan tsauni tun kwari yana barci! Ya ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙara yana waƙa ba mai ganinsa! Ya mai kunnuwa biyu da ke yin ja kamar tuffa duk ranar da aka yi sanyi, ya mai hular ulu ruwan toka wadda ban ga kamarta ba a duk faɗin ƙasar nan! Gaisuwa mai yawa gare ka, da fatan ka ga wannan takarda kafin ka zura ƙafa. A cikin silifas ɗinka na aji na cusa ta, na hagu, a kan katakon takalma da ke ƙofar ajinmu. Idan ka riga ka taka ta, ba komai. Zuciyata ma ka daɗe kana takawa ba ka sani ba.

Ni ce Meret. Wadda ke zama a layi na uku kusa da hita mai ɗumama aji, a bayan Ronja. Na san yanzu ka ɗaga kai kana tunani. Yi a hankali, ina jira. Idan har yanzu ba ka gane ba, ni ce wadda aka kaɗa ƙuri'a sau uku a kan inda ajinmu zai je makon wasan zamiya a kan ƙanƙara, sau ukun duk ban ɗaga hannu ba.

Wayyo Andrin, me ya sa Malam Kessler ya karye? Mutumin da ya shekara ashirin yana gangaro duwatsu lafiya, sai matakalar ɗakin karatu ce ta kayar da shi! Da ƙafarsa ta yi haƙuri, da tun Fabrairu mun je mun dawo kamar kowace makaranta, lokacin da ƙanƙara ke ko'ina har kan rufin mota. Yanzu ga shi an ɗage tafiyar zuwa mako na biyu bayan bikin Ista, furanni sun fito, tsuntsaye sun dawo, kuma wurare biyu ne kawai suka rage masu gadon mutum ashirin da uku. Ga Tannmatt, ƙauyen kakanka, mai tsayin mita ɗari tara, gangarensa na kallon kudu yana shan rana kamar kyanwa a bakin taga. Ga tsaunin Blaufirn, mai tsayin mita dubu biyu da ɗari takwas, ya juya wa rana baya, ƙanƙararsa ba ta san me ake kira bazara ba. Mutum sha ɗaya suna bayanka. Mutum sha ɗaya suna bayan Ronja mai son Blaufirn. Ni kuma ina tsakiya, hannuwana biyu a ƙarƙashin teburi suna riƙe da juna.

Ka ji abin da Malam Kessler ya faɗa mini a taron aji, yana buga sandarsa a ƙasa: “Meret, ƙasarmu ce aka sani da ƙin shiga faɗan kowa, ba ke ba. Ranar Juma'a ko dai ki ɗaga hannu, ko mu yi makon nan a zaune muna lissafi. Ƙarfe goma sha biyu zan kira masauki.” Kowa ya juyo ya kalle ni. Kai ma ka juyo. Na ji kamar hitar ta shige cikin rigata.

Amma bari in koma baya, zuwa ranar da komai ya fara.

Ka tuna Talatar nan ta watan Janairu, da aka kwana ana zuba dusar ƙanƙara, filin makaranta ya yi fari kamar madarar da ba a taɓa ba? Ina tsaye a gindin bishiya ina cin burodina, sai ga wani abu ya taho ta sama kamar tauraruwa mai wutsiya, ya fashe a kunnena na dama, ashe dunƙulen ƙanƙara ne. Duniya ta yi shiru. Sanyi ya gangara ta wuyana har bayana. Sai ga ka a gabana kana haki, tururi na fita daga bakinka kamar ɗan maraƙi da safe, ka ce: “Yi haƙuri, ba ke na nufa ba.” Kalma bakwai! Na ƙirga su a hanyar gida, na sake ƙirga su a kan tebur, ba su ragu ba. Wace iska ce ta karkatar da hannunka a ranar? Wane gajimare zan gode wa? Ronja ka nufa, na sani. Amma ni ka samu.

Abin da ba ka sani ba shi ne, da ka juya, na tattara abin da ya rage a wuyan rigata da wanda ya zube ƙasa, na cura shi, na juye burodin na sa dunƙulen a akwatin abincina, na ruga gida ba tare da izini ba. Yana nan a firizarmu har yau, a bayan kifi. Mama ta ce, “Meret, wannan dunƙulen na mene ne a cikin kayana?” Na ce aikin kimiyya ne. Ta ce, “To kimiyyar ta yi sauri ta gama, ina da naman da zan sa.” Sau ɗaya Baba ya kusa fasa shi a cikin lemonsa, sai da na yi ihun da maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa.

To ka ga irin zuciyar da ke rubuto maka. Yanzu ka yi ƙarfin hali, zan faɗi mai ɗacin.

Ranar da ka tsaya a gaban allo kana kare Tannmatt, wallahi ko tsaunin kansa bai kai ka kwarjini ba. Ka ce: “Kakana ya zauna a kan gidan tururuwa a watan Oktoba, kamar yadda yake yi kowace shekara. Ya ce cinyoyin tururuwan sun yi kauri bana, ƙanƙara sai ta kai Mayu.” Ronja ta ce, “Sannu jikan boka! Tururuwan ne za su goya mu mu gangara?” Aka kwashe da dariya. Kunnuwanka suka yi ja, jan da ya wuce tuffa ya kai na faɗuwar rana. Ka tuɓe hularka ka ɗaga ta sama ka ce: “In muka je babu ƙanƙara, zan cinye hular nan a gabanku, har da tuntunta!” Ronja ta rubuta a takarda ta sa ka sa hannu, ta ce ita za ta zo da gishiri da cokali mai yatsu.

Ni na yarda da kai a ranar. Na yarda da kakanka, na yarda da tururuwan har da cinyoyinsu. Saboda haka na fara kallon kyamarar da ke nuna gangaren Tannmatt kai tsaye ta intanet a kwamfutar Mama, kullum ƙarfe huɗu in na dawo daga makaranta. Ba don bincike ba. So nake kawai in ga dutsen da ka koyi tafiya a kansa.

Na san kowa a aji ya duba kyamarar nan. Minti ɗaya suke yi, su ga fari fat a gaban ɗakin injin igiyar da ke jan masu zamiya sama, su rufe. Ko Ronja ta duba ba ta ga abin kushewa ba. Amma kyamarar tana juyawa, Andrin. Duk bayan minti ashirin takan waiga a hankali ta nuna sauran kwarin, sannan ta dawo. Ba mai sanin haka sai wanda ya daɗe yana kallo, kuma wa zai daɗe yana kallon dutsen wani in ba ni ba?

Kore ne. Wayyo, kore ne shar! Tun daga ƙofar coci har bakin daji ciyawa ce, da ƙananan furanni rawaya suna rawa a daidai inda ka ce za mu yi tsere. Ranar Litinin na ga saniya a tsakiyar babban gangaren tana tuƙa, ƙararrawa a wuyanta, hankalinta kwance. Ranar Talata wata mata ta shanya zannuwan gado a kan igiyar da ya kamata ta ja mu sama. Farin da kowa ke gani kuwa bai wuce faɗin bargo biyu ba. Na lissafa, in aka raba mana mu ashirin da uku, kowa zai samu daidai hankici, Malam Kessler kuma ya tsaya a kan ƙafarsa mai lafiya.

Kuma na ga wanda ke kawo farin. Wani tsoho ne mai gemu da jar riga, kunnuwansa irin naka sak. Kullum yakan turo baro daga bayan coci, inda inuwa ke ɓoye ragowar ƙanƙara, ya juye a gaban kyamara, ya baje da shebur, ya daddanna da takalminsa kamar mai gyara wa jariri shimfiɗa. In rana ta yi zafi sai ya lulluɓe gefen da farin mayafi. Jiya ya gama, ya share gumi, ya ɗago kai ya ɗaga wa kyamarar hannu. Na faɗa ƙarƙashin tebur, ban fito ba sai da Mama ta kira ni cin abinci.

Ban ga laifinsa ba. Ni da ke da dunƙule a bayan kifi, ina ni ina ganin laifin mai tura baro? Jikansa yake son gani da abokansa a kan dutsensa. Na gane shi fiye da yadda kowa zai gane shi. Amma baron jiya rabi ne, Andrin, kuma saura mako huɗu.

Ya zumar da ƙudan tsauni suka tara daga fure dubu, ya inuwar bishiyar da ba ta zubar da ganye ko a tsakiyar hunturu, me kake so in yi? In ɗaga maka hannu, ka yi mini murmushi na daƙiƙa uku, sannan in tsaya a cikin ciyawa da katakan zamiya a ƙafata ina kallon Ronja na barbaɗa wa hularka gishiri? In ga tuntun nan da nake kallo tun daga layi na uku yana wucewa ta maƙogwaronka? Ulu ba ya narkewa a ciki, na tambayi Mama. Kuma har mu gama makarantar nan ba wanda zai sake kiran ka Andrin. Na riga na ji sunan da Ronja ta tanada, ba zan rubuta shi ba.

Saboda haka ranar Juma'a zan ɗaga hannu, karo na farko a rayuwata. Blaufirn zan ɗaga wa.

Kada ka yi zaton daɗi zan ji. Ina tsoron tsayi ƙwarai. Hanyar Blaufirn lanƙwasa arba'in da biyu ce, ni kuwa tun a lanƙwasa ta biyar nake neman ledar amai. Kujerar igiyarsu mai kai mutane saman dutse tana rataye a kan wani rami wanda ko a hoto na gan shi sai na riƙe bango. Sannan Ronja za ta rungume ni a gaban kowa, wanda ya fi ramin muni. Amma in ka faɗi ƙuri'a, ba wanda zai je Tannmatt ya gani. Maganar tururuwa za ta zauna da mutuncinta, kakanka zai ajiye baro ya huta da bayansa, hularka za ta kwana a kanka. Har ka tsufa kana iya cewa, “Da mun je, da kun ga ƙanƙara,” ba mai ƙaryata ka sai ni da saniyar nan, kuma mu biyun ba ma magana.

Na san za ka ji haushina. Za ka ce yarinyar kusa da hita ta ci amanarka. Na yi kwana uku ina gwada yadda zan jure wannan kallon a gaban madubi, ban iya ba ko sau ɗaya. To ga roƙona guda ɗaya.

Ranar Juma'a zan zo da dunƙulen nan a cikin fulas ɗin miyar Baba, zan ajiye shi kusa da takalmanka. Naka ne, hannunka ne ya fara cura shi. Ka sani ya yi tauri kamar dutse, kuma yana ɗan warin kifi. Fulas ɗin dai ka dawo mini da shi, Baba yana zuwa aiki da shi ranar Litinin. In an tashi, zan tsaya a gindin bishiyar nan, a daidai inda na tsaya a Janairu, ba zan sa hula ba, ba zan kauce ba. Kunnen dama ya riga ya samu rabonsa, ka gwada na hagu. Ka jefe ni da duk ƙarfin fushinka, ya sanyin idona, ya tsaunin da ban iya hawa ba. Ko ka samu ko ka kuskure, duk ɗaya ne a wurina, tunda wannan karon ni za ka nufa.

Taka har ranar da ƙanƙarar Blaufirn za ta narke, wadda littafin labarin ƙasa ya ce ba kusa ba ce, in ta narke kuma ina da firiza,

Meret Hunziker
Layi na uku, kusa da hita