Ƙara a Kan Kara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi ta kiran wayarki ba ki ɗauka ba, sai na gane ɗanki Auta ya riga ni zuwa. Ya gaya miki na tare masa hanya. Ki yi haƙuri ki ji nawa.

Kin san aikina: ni ce nake duba manhajojin da ake kawowa kafin su shiga rumbun tsarin da muke rabawa, wanda kwamfutocin jama'a ke tafiya a kansa. Kowace manhaja tana da sunan da ake bugawa a kira ta. Suna ɗaya, manhaja ɗaya. In biyu suka yi takwara, wadda ta zo daga baya sai ta kwanta a kan ta farko ta danne ta.

Auta ya kawo tasa, kuma wallahi aiki ne mai kyau, na yi alfahari da shi. Tana ƙara fayil a cikin ma'ajiya, shi ya sa ya kira ta ƙara. To, a rumbunmu ba a sa ƙugiya a sunan umarni, don madannan kwamfutocin mutane da yawa ba su da ita. Sai ta koma kara. Kuma muna da kara tun tuni. Wani tsohon malami makaho ne ya rubuta ta, tana yin ƙara idan kwamfuta ta gama aiki ko ta yi kuskure. Da ita makafi ke gane inda suke. Na gwada ta Auta a kan teburina, take lasifika ta yi tsit.

Yaya, mu da muka sha dukan tsumagiya a kan allo don kaf daban, ƙaf daban, yau ga ni ana shari'a a gabana saboda ƙugiya guda. Ban ƙi aikin ɗanki ba. Suna kawai na ce ya sauya.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Mai Tabarau

Yaya,

Bayan sallama da fatan alheri, saƙonki ya iso. Kin ce ni da na goya shi bai kamata in fifita bare ba. Maganar ta yi mini zafi, amma ba zan mayar miki ba, ke babba ce.

Na yi ƙoƙarin sulhu har na gaji. Auta ya ce sunan ya riga ya bazu, mutanen wurin aikinsa sun saba, kuma masu amfani da ta tsohon ba su cika mota ɗaya ba. Na ce masa ko mutum guda ne, kunnensa ne idonsa. Ya kira ni Hajiya Doka ya kashe waya.

Kada ki ɗauka tsohon waliyyi ne. Na je gidansa, na same shi zaune gaban kwamfuta da allo a kashe. Na roƙe shi ya ɗan sassauta. Ya ce lokacin da ya raɗa sunan nan yaron ko wando bai iya ɗaurawa ba, in kuma ƙara nake so, ga ta nan na samu. Ya yi dariya shi kaɗai. Ko ruwa bai ce a ba ni ba.

Na nemi shugaban kwamitin da ke kula da rumbun ya cire ni daga maganar, tunda ɗana ne. Ya ce ba hukunci zan yanke ba, doka ce zan aiwatar: in masu suna ɗaya suka kasa daidaitawa, duka biyun su rasa shi. Na ce masa wannan ai makafin zai cuta. Ya ɗaga kafaɗa. Allah na gani, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Taki har kullum,
Mai Tabarau

Yaya,

Sallama mai yawa. Ina fatan gwiwa ta lafa.

An gama. Ta tsohon ta zama kara-sauti, ta Auta kara-fayil, kara kuwa ba ta kowa ba. Tsohon ya ce na ci amanarsa, Auta ya cire ni daga rukunin iyali a waya. Kowa ya sami wanda zai zaga, madalla.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Jiya na leƙa makarantar makafi. Kwamfutocinsu sun karɓi sabuntawa, amma duk saitunan ciki tsohon suna suke kira. Na shiga ɗakin na tarar da ɗalibai jere, belun kunne a kai, suna bugawa suna jira, babu abin da ke amsa musu. Wata ta ɗauka kunnenta ne ya toshe, tana ta girgiza kai. Jarrabawarsu kuma ta matso.

Dole a bi na'urorin nan ɗaya bayan ɗaya a gyara, idona kuwa ba ya jure allo kamar da. Ranar Asabar zan koma. Ba na neman ki ce na yi daidai, ni ma ban tabbata ba. Ki dai gaya wa ɗanki hannunsa ya fi nawa sauri. Ki ce ya zo da kwamfutarsa ran nan da safe, ƙofar makarantar tana gefen wurin ajiye motoci. Ko bai gaishe ni ba, ya zo.

Ƙanwarki,
Mai Tabarau