Ruwan Tayar Tarakta da Aka Zuba a Lambun Marigayi Mu'azu

Daga: Iklima Mu'azu,
Kartiyen Lazaret, bayan kasuwa, Yamai.

Zuwa ga: Mai girma Darekta,
Ƙungiyar Masu Lambu ta Albarkar Isa,
Dar es Salam, Yamai.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Game da: Ruwan gishirin da aka zuba a lambunmu daga tayoyin taraktar ƙungiya, da shirin karɓe lambun daga hannunmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin kawo kukana a rubuce. Na zo bironka, wato ofishinka, na zauna a benci, da aka ce in shiga sai bakina ya yi nauyi, na tashi na koma gida. Karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba. In akwai inda na kasa tsara magana, a yi mini afuwa.

1. Ni 'yar marigayi Malam Mu'azu ce, wanda masu lambu suka sani da Mu'azu mai lemu. Shi ke da lambun da ke ƙarshen layi, dab da gangaren kogi. Da hannunsa ya dasa itatuwan lemun tsamin da ke gefen gabas, tun ina goye, ya yi ta ɗauko musu ruwa a kafaɗa kafin ƙungiya ta kawo famfo. Allah ya yi masa rasuwa a daminar 2023. Tun daga nan ni da mahaifiyata Habsatu muke riƙe da wurin. Muna shuka ganyen salati da zogale a ƙarƙashin lemun, ni kuma in kai kasuwar Lazaret. Ba mu da namiji a gida, ba mu da wata sana'a.

2. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, layi ya zo kanmu, aka turo mana ƙaramar taraktar ƙungiya ta kafce mana ƙasa. Wannan ce jar da aka sayo bara, wadda ba ta da giya, sai abin takawa biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. An ce mai ne ke tura ta. Direbanta Malam Zubairu ne, dattijon da ya yi zaman arziki da mahaifina, har shi ya shiga kabarinsa ya karɓe shi. Ya yi aikin da kyau. Amma ƙasar wajenmu tana da laushi, taraktar kuwa ta yi nauyi fiye da yadda ya san ta. Da ya zo fita sai ta kasa hawa tudu. Ta yi ta kuka siriri, ƙaurin mai yana tashi, in ya taka sai ta yi kamar za ta motsa ta tsaya. Ya kashe ta ta huce, ya sake gwadawa, ba ta hau ba.

3. Malam Zubairu ya gaya mana cewa satin da ya wuce garejin ƙungiya ya cika tayoyin baya da ruwa don su riƙa kama ƙasa, kuma yana ganin sun cika su fiye da kima, nauyin ne ya sa man ya yi zafi. Ya ce zai rage. Ya juya tayar har bakinta ya koma ƙasa, ya kwance shi, ya sa tiyo. Ranka ya daɗe, ka san mutanenmu. Ba wanda zai ga ruwa kusan duro biyu ya bar shi ya kwarara a kan hanya alhali ga itace a tsaye. Da kansa ya ja tiyon zuwa gindin lemun, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa bari ya shayar da 'ya'yan abokinsa. Ragowar ya bi kwalbatin zuwa fangalolin salati. Mahaifiyata ta yi ta sa masa albarka, ta cika masa leda da lemu ya kai wa iyalinsa. Taraktar ta hau tudun ta tafi.

4. Kafin Juma'a ganyen lemun ya fara naɗewa, bakinsa ya ƙone. Mun zaci tsutsa ce. Sai ganyen ya zube da ɗanyensa, 'ya'yan suka biyo baya, ƙasar gindin ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Mahaifiyata ta lakato ta ɗanɗana, ta tofar. Mun shuka salati ya ƙi fitowa, mun sake shukawa ya ƙi. Zogale, da ko a juji yake fitowa, shi ma ya bushe. A cikin lemun duka, guda ɗaya ne na can ƙarshe, wanda tiyon bai kai sosai ba, ya rage da ɗan kore a reshe biyu.

5. Ranar 2 ga Disamba na je garejin, na samu shugabansa Malam Sumana. Bai wulaƙanta ni ba. Ya ce ruwan ba zalla ba ne, an jiƙa shi da wani farin gishiri da ya zo cikin buhuna tare da taraktar, wai a ƙasar da aka ƙera ta haka ake yi don kada ruwan ya daskare da sanyi. Su kuma da suka ga buhunan sai suka ɗauka dole ne a zuba. Ni dai a Yamai aka haife ni, ban taɓa ganin ruwa ya daskare a randa ba. Na tambaye shi ko an gaya wa direba, ya ce ba a yi tunanin haka ba. Ba a rubuta komai a jikin tayar ba. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Da zan fito na ga taraktar a tsaye an ɗaga ta, ana sake ɗura mata irin ruwan.

6. Malam Zubairu ya zo gidanmu da ya ji labari. Ya tsaya a zaure, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya. Tun ran nan ba ya bin layinmu, zagaye yake yi. Ina so a sani cewa ba ƙararsa na kawo ba. Alheri ya yi niyya.

7. Ranar 6 ga Janairu sakataren ƙungiya ya tsayar da ni a ƙofar lambu. Ya sanar da ni cewa a dokar ƙungiya, duk lambun da ya shafe lokacin rani ba amfani ana ba wa wani, kuma an sa namu cikin waɗanda za a karɓa ranar 28 ga Fabrairu. Na buɗe baki in yi bayani, mutane suka taru, na kasa. Mai girma Darekta, ba mu bar lambun ba. Kullum muna ciki, muna kwara masa ruwa ko gishirin zai nutse.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka:

A cire lambunmu daga cikin waɗanda za a karɓa, a bar mana shi har damina ta wanke ƙasar. A turo wanda ya san ƙasa ya duba, ya gaya mana gaskiya ko za ta warke. A zubar da ruwan da ke cikin tayoyin nan a inda ba shuka, a sa ruwa zalla, domin taraktar tana nan tana shiga lambunan mutane. Kuma kada a taɓa aikin Malam Zubairu saboda wannan takarda.

Ban nemi a biya mu lemun ba, don ban san yadda ake yi musu kuɗi ba.

Abu na ƙarshe, ranka ya daɗe. Har yau mahaifiyata ba ta san maganar 28 ga Fabrairu ba. Jiya ma ta sayo taki, tana lissafin inda za ta dasa sababbi in ƙasar ta huce. In har ƙungiya ta yanke cewa sai an karɓa, ina roƙo a turo babban mutum ya zo ya gaya mata da bakinsa. Na gwada, ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci. Ina jiran amsarka cikin biyayya.

Taka mai ladabi,

Iklima Mu'azu