Jerin Launin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya.

Na ga maganar gurbin da kika samo mini a kamfanin kujeru. Har na jawo jakata, sai kuma na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Idon Baba ne. Yanar nan ta kai ba ya raba ja da kore. Kin san aikinmu: a rina fallayen katako launi-launi, a jera, a shafa gam, a matse, in ya bushe a ɗora a inji a fafe kwano. Sai an fafe zanen yake fitowa, kuma abin da gam ya kama ya kamu. To Baba bai yarda kowa ya jera ba sai shi. Da ya shiga gida cin abinci sai in wargaza, in sake jerawa da sauri, in shafa gam. Masu saye su yi ta yabon idonsa, yana murmushi.

In na tafi, kwanon farko zai tona masa asiri a gaban mutane. Na gaji, Yaya. Shagon nan ya zame mini keji, har a mafarki warin gam nake ji.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta sarkin zurfin ciki,

Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Wato haka za ka zauna kana wa tsoho satar jeri har furfura ta fito maka? Ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya. Zai yi fushi, zai huce, mu kai shi a duba idon. Mutanen nan fa ba za su jira ka har abada ba, ƙarshen wata suka ce. Ni ma kunya na aje na roƙa.

Ka gaida Baba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gwada. Jiya na buɗe baki zan fara, sai ya ɗauko kwanon da muka gama, ya shafa shi, ya ce, "Auta, ka ga yadda shuɗin nan ya kwanta jikin rawaya? Hannun tsoho bai mutu ba." Me zan ce? Na ce haka ne, Baba.

Ki ba wani gurbin.

Auta

*

Uwata,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Telan da ke jikin shagonmu ne yake rubuta mini, ni nake faɗa.

Na ji ƙaninki yana jan jaka yana mayarwa, na san da hannunki a ciki. To ki ji abin da bai sani ba. Duk jerin da na yi, nakan danna farce a gefen fallen sama. In katako ya fito daga matsi sai in laluba, ban taɓa samun alamar a inda na bar ta ba. Na daɗe da sanin yana sauya mini. Launukan da nake yaba wa, a bakin masu saye nake jin su.

Ban yi magana ba don ranar da na yi, ba shi da sauran dalilin zama. Tun rasuwar mahaifiyarku, motsinsa kaɗai nake ji a gidan nan. Na san son kai ne, kuma ina jin kunyarsa. Amma tsoro nake ji, Uwata.

Kada ki faɗa masa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba.

Ban ba kowa gurbin ba, yana nan har ƙarshen wata. An hana ni magana, ba zan yi ba.

Gobe in Baba ya shiga gida, kafin ka wargaza jerin, ka shafa gefen fallen sama da yatsa.

Yayarka