Motar da Ta Yi Tseren Ntoum

Libreville, Maris 1976

Zuwa ga Baffa Mailafiya, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Ƙulu da duk mutanen gida. Mu nan alhamdulillahi, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Maigidana Issoufou yana gaishe ka.

Yayanka, wato Baba, jikin da sauƙi, yana ci yana sha, tunanin ne dai sai a hankali. Wani lokaci ya kira ni da sunan marigayiya mahaifiyata, wani lokaci ya tambaye ni ko jirgin katako ya iso.

Baffa, maganar mota ce ta sa na rubuto. Ka san tsohuwar baƙar motar nan mai dogon hanci da ke bayan gidanmu na unguwar PK8, wadda kaji ke ƙwai a cikinta tun ina yarinya. Tun da arzikin fetur ya shigo ƙasar nan, ko'ina rusau ake yi ana gini. Yanzu an ce za a faɗaɗa hanya, katafila za ta bi ta tsakar gidanmu. Mu za mu koma unguwar Lalala wurin dangin Issoufou, amma can ko wurin jingine keke babu. Motar in ta kwana nan, da ita za a haɗa a niƙe.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan ƙasa, ma'aikacin gwamnati, wai shi Musye Ondo. Shi da abokansa suna tara tsofaffin motoci a wata rumfa cikin gari, wai kada 'ya'yansu su tashi su zaci da Marsandi aka fara. Ya zagaya motar yana shafa ta kamar doki. Ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin wani tsere da Turawan katako suka yi daga bakin teku zuwa Ntoum, zamanin hanyar duk jar ƙasa ce, kuma wai akwai baƙar fata ɗaya a cikin direbobin, Bahaushe. In wannan ce motar, za su ɗauke ta su rubuta sunan Baba a allo. In ba ita ba ce, rumfarsu ta cika.

Na tambayi Baba. Ya dube ni ya ce, "An ɗaga tutar?" Iyakar abin da na samu ke nan.

Kai ka zauna tare da shi a nan shekarun nan. Don Allah ka gaya mini abin da ka sani, kuma da sauri.

Taka 'ya,
Ramatou

*

Damagaram, Afrilu 1976

Daga Mailafiya zuwa ga 'yata Ramatou, ta hannun Malam Moussa mai rubutu a bakin gidan waya.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da sa albarka. Allah ya ƙara wa yayana Ɗanlaraba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyarsa.

Kin tambayi wanda ya sani. Tsere an yi shi, ranar Lahadi ce, da idona na gani. Motar ta wani Baturen katako ce da muke kira Mai Lofe, ubanki ne makanikensa. Mai Lofe ne ya ja, ubanki yana gefensa riƙe da igiya da shebur, don a lokacin ba a shiga hanyar Ntoum ba tare da su ba. Da suka wuce inda gidanku yake yanzu, motar ta faɗa taɓo, sitiyari ya bugi Bature a hannu ya targaɗe. Sai ubanki ya karɓa. Ni ina bayansu a kan motar katako da ke kwasar waɗanda suka maƙale. Ya wuce Turawa ɗaya bayan ɗaya, koriyar motar nan ta koma ja da laka, har mutanen ƙauyuka suna jefa huluna sama. Shi ya fara isa.

Malam Moussa ya tsayar da ni wai ke baƙa kika rubuta, ni kuma na ce koriya. Na ce masa ya rubuta abin da na faɗa. Koriya ce kamar ganyen ayaba.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini. Ni a sanina motar nan ta faɗa kogi da damina ta gaba, aka bar ta can. To wadda kaji ke ƙwai a ciki kuma daga ina? Ki duba da kyau.

Ƙulu tana gaishe ki. Wassalam.

*

Libreville, Mayu 1976

Baffa, assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har na kusa haddacewa, kuma wallahi na fi rikicewa yanzu.

Issoufou ya kankare ƙofar motar da wuƙa don mu ga koren. Ƙarƙashin baƙin sai muka tarar da ja. Ya ƙara kankarewa, sai tsatsa. Koriya dai babu.

Na karanta wa Baba abin da ka ce. Ya saurara, da na kai wurin targaɗe sai ya fusata. Ya ce, "Wane Bature? Mai Lofe zazzaɓi ya kwantar da shi ranar. Ni na ja tun daga bakin teku. Mailafiya ne a gefena, yana ta amai." Baffa, kai ne a gefensa? Ko kuwa ciwon ne ke magana? Don jim kaɗan bayan haka ya tambaye ni ko ni matar wa ce.

Na tafi wurin Alhaji Hamadou, tsohon nan ɗan Garwa mai shagon atamfa a Lalala, tunda shi ma tsohon zama ne. Ya yi dariya har da tari. Ya ce tsere kam an shirya, amma ruwa ya sauko da safe aka fasa, Turawa suka koma shan giyarsu. Mota ɗaya ce ba a gaya wa ba, ta kama hanya ita kaɗai tana gudu kamar an biyo ta. Na ce wace ce? Ya ce, "'Yata, ni ina shago."

Musye Ondo kuma ya zo da wani hoto da ya samo wurin wata tsohuwar Baturiya. Ƙura ce cike da hoton, sai bayan wata mota, da wani mutum tsaye wanda kansa bai fito ba. Ya tambaye ni ko na gane ƙafafun mahaifina. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Shi ma ya rasa yadda zai yi, ya ce abokansa sun rabu biyu, wasu na so wasu na cewa gwangwani ne.

Jiya an shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Maƙwabta har sun fara cire kwano. Baffa, ka sake tunani don Allah. Kana kan motar katako, ko kana cikin motar?

Taka,
Ramatou

*

Damagaram, Yuni 1976

Zuwa ga 'yata Ramatou, bayan sallama da sa albarka.

Kin hana ni sukuni. Da Malam Moussa ya karanta mini, na ce ƙarya Hamadou yake yi, mutumin da bai taɓa sanin gaban mota da bayanta ba. Na koma gida ina faɗa, sai Ƙulu ta ce, "Malam, kai da ka tafi Gabon bayan an haifi Ramatou, shi kuma tseren nan tun kafin auren uwarta kuke ba da labarinsa?" Na ce ba haka ba ne. Ta ce a tsakar gidan nan Ɗanlaraba ya ba mu labarin, shekarar da ya zo ganin gida, wai ni ne ma nake zaune ina fifita masa shayi.

'Yata, ban san abin da zan ce miki ba. Ƙulu ba ta mantuwa. Amma ni in na rufe ido ina jin warin taɓon nan, ina jin yadda motar katakon ke jijjiga ni. Da kika ce amai kuma, wallahi sai na ji kamar na tuna aman ma. Ko na gani, ko na ji har ya zama nawa, Allah ne masani. Kada ki kai wa Musye Ondo maganata a matsayin shaida, ban amince da kaina ba.

Abin da ba na shakka a kai shi ne, lokacin da na zauna a gidan, duk ranar Juma'a ubanki yakan wanke motar nan kafin ya wanke jikinsa, kuma ba ta tashi tun lokacin. Mutum ba ya yi wa gwangwani haka. Kada ki bari katafila ta taka ta yana raye.

Wassalam. Baffanki Mailafiya.

*

Lalala, Yuli 1976

Baffa, assalamu alaikum. Mun tashi, muna Lalala, gidan PK8 ya zama hanya. Ga yadda aka yi da mota.

Na je na gaya wa Musye Ondo gaskiya, cewa ba ni da shaida ko ɗaya. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce a kawo ta ranar Asabar, zai tara abokansa su gan ta da idonsu, su yanke. Issoufou ya samo tsofaffin tayoyi aka sa mata, muka kori kaji, ya ɗaura ta da igiya a bayan taksinsa. Saura wanda zai riƙe sitiyari. Kafin mu ankara Baba ya fito da hularsa ta sallah, ya buɗe ƙofa ya zauna. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa alwala! Na roƙe shi ya sauko, ko kallona bai yi ba. Dole na shiga gefensa.

Da muka hau kwalta, Issoufou ya karya wajen gari. Baba kuwa ya murɗa sitiyari ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ban san yana da shi ba, igiya ta miƙe, motocin biyu suka gitta hanya. Masu taksi suka cika mu da oda da zagi. Issoufou ya sauko ya ce, "Baba, gari za mu." Baba ya ce, "Kai wane ne? Ntoum can take. Ka kauce, kana ɓata mini lokaci."

Issoufou ya dube ni, na dube shi. Na san Musye Ondo da mutanensa suna can suna jira, kuma wannan ce damarmu kaɗai. Duk da haka, Issoufou ya koma taksi ya juya.

Baffa, haka muka kama hanyar Ntoum, ana janmu a hankali, manyan motocin siminti suna wuce mu. Baba bai ga ko ɗaya ba. Yana canja giya a motar da ba ta da rai, yana kauce wa ramukan da babu su, yana ce mini in riƙe da kyau akwai gada. A wani wurin kuma da gaske akwai gadar. Ni dai ban san me nake ji ba, ina dariya hawaye na zuba.

Mun isa Ntoum da la'asar. Baba ya taka burki da kansa a gaban rumfar wani Bahaushe mai gasa nama, Mahamman. Ya sauko yana haki, ya ce masa, "Wa ya riga mu?" Mahamman ya dubi hanya, ya dube mu, bai gane komai ba, ya ce, "Baba, babu kowa." Baba ya ce, "To, alhamdulillahi." Ya nemi ruwa ya sha, ya yi barci a kan benci.

Igiya ta tsinke wurin juyawa, taya ɗaya ta fashe, don haka motar tana can bayan rumfar Mahamman ya rufe ta da tamfol. Washegari Musye Ondo ya je har can, na zaci faɗa zai yi. Ya sa Issoufou ya maimaita masa labarin, sannan ya ce shi zai yi mata rufi a inda take, ko abokansa sun yarda ko ba su yarda ba. Ya tambaye ni wace shekara za a rubuta a allon, kuma na nawa Baba ya zo. Na ce zan tambaye ka. Ka ga na sake dawo maka.

Baba tun ranar bai ƙara ambaton mota ba. Yana gaishe ka, yau ya san sunanka.

Taka,
Ramatou

*

Damagaram, Agusta 1976

'Yata Ramatou, Allah ya yi miki albarka, ke da Issoufou.

Malam Moussa ya karanta mini, ya kai tsakiya ya ajiye takardar, sai da muka huta.

Kada ki ƙara tambayata. Ni ban tabbata na shiga motar nan ba, ke kuwa kin shiga, an tafi da ke, an isa da ke. Ki gaya wa Musye Ondo ya rubuta bana, ya rubuta na ɗaya, in ya nemi shaida ke ce.

Ki gaishe mini da yayana. Wassalam.

Mailafiya